Koren da Na Shafa wa Kanada

Ke Maryam, ajiye wannan allon gilashin naki tukuna. Tun la'asar kike ja min Amurka da yatsu biyu, ki buɗe ta, ki tsuke ta, kina cewa, "Shuf ya jaddi, sahla!" wai kaka duba, ai da sauƙi. Na gani, ai ban makance ba. Ku ma masu dariya a bayanta ku matso. An gaya muku kakanku mai zanen taswira ne, a zatonku mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana cika launi a cikin layi kamar ɗan aji ɗaya. To wannan yaƙin da aka ba ki aikin gida a kansa, na Amurka da maƙwabtanta na arewa, ni na taɓa zana shi a kan ƙyalle da hannuna, kuma saura ƙiris in raba wani bawan Allah da Madina saboda shi.

A wurin Kawu Isa na koyi aikin, ƙanin mahaifiyata. Shagonsa yana wani lungu kusa da Harami, masallacin Manzo, lungun da in jaki ya shigo da kaya sai mutum ya manne da bango. Kada ku ce in kai ku, babu shi. Marmara ce shimfiɗe a wurin yanzu, baƙin Manzo suna zaune a kai suna hutawa. Wani lokaci in na fito sallar asuba nakan tsaya daidai inda nake jin nan ne ƙofarmu, in yi ta ƙiyasi da hasumiya, har ɗan sanda ya ce in matsa.

Shekara uku na yi ban taɓa burushi ba. Aikina gyaran ƙyalle. A sayo alawayyo, in wanke shi ya saki sitacinsa, in ɗaure shi a katako in ja shi har ya yi ƙara in an buga. Sannan in jiƙa ƙaro, in tace, in dama da garin farin alli, in shafa sau uku, kowace shafa sai ta bushe kafin ta gaba. Kuma a inuwa ake shanyawa. Ranar Madina in ta taɓa shi, tsattsagewa yake yi kamar ƙasan tafki a bazara. Kwana biyar cur kafin ƙyalle ɗaya ya karɓi launi, ba yadda za ka yi ka gaggauta shi. Na taɓa gwada sa masa fanka don in burge Kawu. Ya shafa da bayan hannu, ya ce in kai wa uwata ta yi shimfiɗar tuwo da shi.

Bayan nan aka koya min raba gida. Ƙaramar taswira ta littafi za ka ja mata layuka ta zama gida-gida, sannan ka ɗauko zare ka shafe shi da gawayi, ka ja a kan ƙyalle ka sake shi, tas, ya bar layi. Abin da ke gida ɗaya a littafi, shi za ka mayar gida ɗaya a ƙyalle. Bakin teku da alƙalamin kara ake binsa, sunayen garuruwa kuma Kawu ne kaɗai ke rubutawa, don hannunsa a rubutun Larabci ba na wasa ba ne. Burushinmu na gashin akuya ne, shi yake ɗaure abinsa. Har yau wallahi ina kewar warin jiƙaƙƙen ƙaro.

Dokokin launi biyu ne, kuma ku riƙe su don su ne labarin. Ta farko, mai duhu yana rufe mai haske, mai haske ba ya rufe mai duhu, domin ƙyalle shan launi yake yi. Ta biyu, launi ba ya haɗuwa sau biyu iri ɗaya. In aiki ya kai ƙyalle biyar ko shida, to rana ɗaya za ka dama korenka, ka bi su duka ka shafe kafin ya bushe a kwano. In ka bari sai gobe, ƙasa ɗaya za ta fito da kore iri biyu, yara su ɗauka ƙasashe biyu ne.

Masu sayenmu yawanci malaman sira ne da na tarihin Musulunci. Hanyar Hijira, Badar, Uhudu, Handaƙ, sai taswirar buɗe garuruwa, Sham da Iraƙi da Masar har Andalus. Ban san iyakar waɗanda na zana ba, ko ido rufe ina iya fitar muku da Kogin Nilu. A irin waɗannan taswirori kibiya biyu ce. Baƙa ta abokan gaba ce, takan zo ta koma. Ja kuwa ta masu nasara ce, inda bakinta ya tsaya nan launi yake binta ya cika. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce haka dokar take. Hannuna ne ya haddace, shekara goma sha wani abu.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka fara shigo da taswirorin inji a kwali-kwali, masu santsi, an lulluɓe su da leda, in yaro ya ɓata sai a goge da tsumma. Makarantun da suka saba aiko mana tun kafin a buɗe karatu, shiru. Wata ma ta sa mu fara taswirar Afirka, na gyara ƙyalle, aka aiko cewa a bari. Muka yanke rabi muka yi wa wani mai sayar da dafaffen wake allon shago, rabin ya zauna a bayan ƙofa. Mukan buɗe shago mu share, mu sha shayi, mu rufe. Shekara biyu bayan nan muka rufe gaba ɗaya, na koma rubuta lambobi a jikin motocin alhazai a Bi'ir Ali, aikin da na yi har gwiwa ta hana ni hawa tsani.

A tsakiyar wannan shekarar ne Ustaz Haruna ya shigo. Bahaushen Sudan ne, daga wajen Mai Wurno, dogo, siriri, da farin rawani irin nasu, yana koyar da tarihi a wata sakandare mai zaman kanta. Ya haura sittin. Hausarsa ta tsofaffi ce, ya riƙa haɗa ta da Larabcin Sudan, in ya ji daɗi ya ce maka "ya zol," wato mutumina. Ya zauna a kan benci ya zaro takardu shida daga jakarsa.

"Shehu Isa," ya ce da Kawu, "taswirar inji Amurkar yau kawai take nunawa, ƙatuwa daga teku zuwa teku, kamar haka aka haife ta. Ni so nake yara su ga yadda ta yi ta ci tana girma. Ƙyalle shida nake so."

Ya jera su. Na farko ɗan siririn bakin teku ne, yankuna goma sha uku. Na biyu ta sayi wata makekiyar ƙasa a hannun Faransa, ta ninka. Na uku yaƙin 1812 da yankunan Ingila na arewa, inda ake kira Kanada. Sauran kuma ta nausa kudu da yamma har ta sha ruwan ɗaya tekun.

Kawu ya ce, "Yaushe kake so?"

Ustaz ya gyara rawani. "Gaskiya zan gaya maka. Kwantiragina ƙarshen shekarar nan zai ƙare, kuma mudir, shugaban makarantar, malami matashi yake so. Mai duba malamai zai zo ya zauna a ajina Asabar ta uku daga yau. In rahotonsa ya yi kyau, a sabunta min. In bai yi ba, iƙamata, takardar zamana, ta mutu, sai jirgin ruwa zuwa Sudan." Ya kalli ƙofa. "Uwar 'ya'yana tana maƙabartar Baƙi'a shekara huɗu ke nan. 'Ya'yan sun watse, kowa da ƙasar da yake. Ni ba albashin nake bi ba, Shehu. Ba na son a haƙa min rami a wani gari."

Kawu ya miƙa min takardun ya ce in je in sayo alawayyo.

Muka gyara ƙyalle, muka raba gida, muka fitar da bakin teku da manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Kawu ya rubuta sunaye. Sai aka aiko daga Khaibar cewa ana yankan dabino a gonar surukinsa, ana neman hannu. Shekarar babu aiki, dabinon nan shi ne cefanen gida, dole ya tafi. Ya ce da ni, "Sale, launi ya rage. Amurka kore, Ingila ruwan hoda, abin da ba na kowa ba ka bar shi fari. Na uku kada ka taɓa shi sai Ustaz ya zo ya yi maka bayani, ya ce zai leƙo ranar Talata."

Ranar Litinin na dama kore. Kai, koren nan ya yi kyau! Kamar ganyen na'ana'a da aka tsinko da safe. Na shafe na farko, na shafe na biyu, na tsallake na uku, na gama sauran kafin azahar. Na dawo na tsaya a gaban na uku da kwano a hannu, kore yana fara kama gefe. In na jira Talata, sai na sake damawa, kuma ba zai zo ɗaya ba. Na ɗauko takardar Ustaz na duba. Ga kibiyoyi uku sun tashi daga Amurka sun tsallaka ruwa sun shiga arewa, ɗaya daga Ditroit, ɗaya daga Niyagara, ɗaya ta nufi Mantiriyal. Dukkansu ja wur.

Na ce, to me kuma ya rage a yi min bayani? Ƙyalle biyar na shafe yau, a kowanne kore gaba yake yi. Ga jar kibiya har uku. Na san dai Kanada ƙasa ce daban a yau, amma na ce ƙila sun ci sun riƙe, daga baya aka mayar, ai an sha yin haka. Na tsoma burushi na haye tafkunan, na bi kibiyoyin nan har bakinsu, na cika duk ƙasar da ke tsakani. Har ina yaba wa kaina cewa na rage wa dattijo wahala.

Ustaz bai zo Talata ba, sai Laraba da yamma. Ya shigo da fara'a, ya bi na farko da na biyu yana "Masha Allah, ya zol, masha Allah." Da ya iso na uku sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya nemi benci ya zauna.

"Ɗana, wa ya ba su wannan ƙasar?"

Na ce, "Ustaz, ai ga kibiyoyinka."

"Sun shiga, an koro su. Ko taƙi ɗaya ba su riƙe ba. Darasin ke nan gaba ɗaya, ɗana. Shi na rubuta a littafin shiri, mudir ya sa hannu, shi zan koyar ranar Asabar."

Na ce zan rufe da ruwan hoda, ina faɗa ina sane ƙarya nake. Na ce zan sake sabo. Ya ce kwana nawa? Na ce ƙyalle kaɗai kwana biyar. Ya ƙirga da yatsu, Alhamis, Juma'a, ya tsaya. Bai yi min faɗa ba. Ya tashi ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya fita, har ya manta jakarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

Kawu ya dawo Alhamis da hantsi, da buhun dabino biyu a bayan wata mota. Ya shigo ya ga fuskata, ya ga ƙyallen. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya gaya maka sun ci?"

"Kibiyar ja ce, Kawu."

Ya ɗauki takardar ya juya ta, ya nuna min bayanta, inda Ustaz ya yi lissafin makin wani ɗalibi da wannan jan. "Alƙalamin malami ne ja, shashasha. Da shi yake rubuta komai, har sunan kansa."

Da ma ya mare ni, da ya fi min sauƙi. Ya tuɓe riga ya rataye, ya ce in ɗauko rabin ƙyallen Afirka da ke bayan ƙofa, in kuma wasa reza. Ya kwantar da taswirar a kan tebur, ya sa bakin reza a tsakiyar kogin da ke fita daga tafkunan zuwa teku, ya bi ruwa. Bai taɓa tudu ba. Ya ratsa tafki, ya bi ɗan mashigin da ke haɗa shi da na gaba, ya sake ratsa wani, a hankali, yana numfashi ta baki, har ya cire arewa gaba ɗaya ya jefar a ƙasa. Ya ce, "Shuɗin ruwa ya fi kowane launi duhu. In ɗinki zai ɓuya, a ruwa zai ɓuya."

Ya yanka sabon ƙyallen daidai wannan karkacewar, ya haɗa baki da baki, ya ɗinke ta baya da ƙaramar allura, ya bi da siririn ƙyalle mai ƙaro ya danne da dutsen guga mai ɗumi. Wannan kaɗai ya ci mana yinin Alhamis. Ni dai riƙe gefe nake yi ina zura masa zare.

Juma'a da sassafe Ustaz ya zo ɗaukar jakarsa, ya tarar ina shafa wa sabuwar Kanada ruwan hoda. Ya tsaya a ƙofa. Kawu ya ce, "Shigo ka zauna, Ustaz. Ba za a ja layi ɗaya ba sai ka gaya wa wannan abin da ya faru, da baki."

Ustaz ya zauna ya ba mu labarin, kuma wallahi ban taɓa jin mai bayani irinsa ba. Ya ce Amurkawa suna da ƙorafinsu a kan Ingila, tana tare musu jirage a teku tana kwashe musu matuƙa. Amma cikinsu akwai masu ganin arewa a buɗe take, tafiya kawai za a yi a karɓa, mutanen can ma da murna za su tarye su. Rundunar farko da ta shiga, baya ta dawo, har ta miƙa garin Ditroit da kanta. Daga baya suka ƙona wani gari na can, Ingila ta zagayo ta teku ta ƙona musu babban birninsu. Aka yi ta yi sama da shekara biyu, sannan aka zauna aka sa hannu kowa ya koma inda yake tun farko.

Kawu yana wasa alƙalami ya ce, "To an mutu a banza ke nan, ba wanda ya yi asara sai matattu."

Ustaz ya nuna farin da na bari a yamma da tafkunan. "Akwai. Mutanen asalin ƙasar, da yawansu sun tsaya tare da Ingila don a bar musu wannan. Da aka yi sulhu aka bar su su kaɗai. Duba ƙyalle na huɗu ka ga abin da ya zama."

Na duba, kore ne, ni na shafa shi. Na ce, "Su wane launi za a ba su?"

Ya ce, "Littafin bai ba su launi ba."

Kawu ya miƙo min burushin ja ya ce in zana kibiyoyin, kowace ta tsallaka ruwa, ta lanƙwaso, ta dawo inda ta fito. Ban taɓa lanƙwasa jar kibiya ba tunda nake, sai ranar. Muka gama ana kiran farko na sallar Juma'a, muka jingine shi a inuwa muka tafi masallaci.

Ranar Asabar ni na ɗauki shidan a kafaɗa na kai makarantar, na buga ƙusoshi na rataye su a jere. Ban tafi ba, na tsaya a baranda jikin taga. Mai dubawar ya zauna a bayan aji da littafinsa, mutum mai ɗaure fuska. Ustaz ya fara darasi. Ana cikin haka sai mutumin ya taso ya nufi ƙyalle na uku. Ya sa yatsa a kan tafki ya bi, ya ji tudun ɗinkin. Ya ɗaga ƙyallen ya leƙa baya. Na ce shi ke nan, na kashe dattijo.

Ya ce, "Wannan fa, Ustaz? Taswira mai faci?"

Ustaz bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Mai zanen ya ga sun shiga, sai ya ɗauka sun ci, ya shafa musu ƙasar. Su ma haka suka ɗauka kafin su tashi daga gida. Shi reza ta gyara masa, su kuwa sai da aka yi shekara biyu ana binne mutane."

Ajin ya kwashe da dariya. Mutumin ya nuna wani ɗalibi ya ce ya zo ya nuna inda iyaka take kafin yaƙin. Yaron ya zo ya bi ɗinkin da yatsa. Mutumin ya ce to bayan yaƙin fa? Yaron ya sake bin wannan ɗinkin. Mai dubawar ya koma kujerarsa ya yi ta rubutu, ban ga ya ƙara ɗaga kai ba.

Bayan wata guda Ustaz ya zo shago da ƙullin alewa. Ya ce an sabunta, shekara ɗaya. Ni da nake jin laifi har lokacin, na ce, "Ɗaya kawai? Da ban yi wannan ɓarnar ba, ƙila da biyu za su ba ka."

Ya kama kunnena ya ja kamar ɗalibinsa. "Shekara ɗaya a Madina kake ce wa kawai? Ya zol, ka san alhaji nawa ke kuka a filin jirgi don an ce kwana takwas ɗinsu ya cika?"

Ya koyar da zangon farko lafiya. Yakan biyo ta shago ranar Alhamis mu sha shayi, ya yi ta ba mu labarin ƙasashen da ba za mu taɓa gani ba, Kawu yana musu da shi a kan komai. A watan Sha'aban ya kwanta, ciwon ƙirji, kwana shida ya rasu. Saura wata uku takardarsa ta ƙare.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar. 'Ya'yansa ba wanda ya samu isowa, don haka ni da Kawu da wasu malamai biyu muka kama makara, mutanen da ba su san shi ba suna ta karɓa suna ba mu, har muka shiga Baƙi'a. Ni na sauka ramin. Mara nauyi ne ƙwarai, kamar ƙyalle ɗaya a naɗe.

Kun san ba a rubuta suna a can, dutse ne kawai a kan kowa. Na koma bayan sati biyu na kasa gane wurin. Ni da na yi kusan shekara ashirin ina ajiye kowane gari a mazauninsa, yau in kun ce in nuna muku kabarin Ustaz Haruna, ba zan iya ba. Amma yana ciki.